Neman shawara: in sayar da littafina gaba ɗaya ko in jira kaso?

Ƴar Ader, Tahoua: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni malama ce ƴar kontiragi a wata firamare a nan Tahoua, kuma kun san yadda albashinmu yake zuwa. Shekara huɗu ke nan ina rubuta labaran soyayya a waya, da dare bayan yara sun kwanta, har babban yatsana ya yi kanta. Na fara ne lokacin da na yi jinyar mahaifiyata wata bakwai, Allah ya jiƙanta, ita ce take ce mini in daina ɓata caji a kan ƙarya. Littafina na uku na sayar da shi a WhatsApp, mata 140 suka biya dala ɗari-ɗari (sefa 500) ta kamfanonin aika kuɗi Nita da Amana, na tashi da jikka 70 (sefa 70,000). Yanzu na gama na huɗu. Wani mai shagon littattafai a Kano ya ce zai saye shi gaba ɗaya a kan naira 150,000, wanda bai wuce jikka sittin ba a canjin da aka yi mini. Wani kamfani kuma a Yamai ya ce zai ba ni kashi 8 cikin 100, amma sai na kawo rabin kuɗin bugu. Maigidana ya ce in karɓi na hannu. Don Allah nawa marubuta suke samu a wurin kamfanoni, kuma wanne ya fi?

Baban Nana, Yamai: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi shekaru ina hulɗa da maɗaba'u, saboda haka ki saurara da kyau. Kashi 8 ɗin ba zalunci ba ne a kan kansa, domin manyan kamfanonin Amurka ma kusan abin da suka saba bayarwa ke nan a kan ƙaramin littafi mai laushin bango, na waya kuma kashi 25 na abin da ya shiga aljihunsu. Sai dai su ne suke biyan kuɗin bugu, har su ba marubuci kafin alƙalami, wanda ake cirewa daga kasonsa daga baya. Wanda ya ce ki kawo rabin kuɗin bugu sannan ya ba ki kashi 8, ya ci riba tun kafin littafin ya ga rana. Yi lissafi: in an sayar da kwafi a jikka ɗaya da rabi, kasonki sefa 120 ne, kwafi 1,000 kuma jikka 120. A Yamai kuwa, wa ya ga littafin Hausa ya ƙare kwafi dubu cikin shekara?

Maman Khalil, Ƙonni: Ni dai abin da ya dame ni ba kamfani ba ne, masu fitar da littafi ne. Mace ɗaya za ta biya dala ɗari, kafin azahar ta tura shi zaure goma. Nawa na biyu na tsince shi a YouTube wani yana karantawa da murya, ya canza masa suna, ya sa hoton wata ƴar fim, mutane dubbai sun saurara. Da na yi masa magana sai ya ce talla yake yi mini. Har yau ko sisi ban gani ba.

Baban Nana, Yamai: Hajiya, wannan wata magana ce daban, kuma da kin yi rajista da BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasarmu, da kina da takardar nunawa. Mu koma kan ƙanwarmu. Ko sunan kamfani bai isa ya kwantar miki da hankali ba. Harlequin, wanda duniya ta sani da littattafan soyayya, marubutansa sun kai shi kotu a 2012, suna cewa yarjejeniyarsu ta ba su rabin kuɗin littafin waya, amma ana lissafa rabin a kan ɗan abin da wani reshen kamfanin a Suwizalan ya karɓa, har kason ya koma kashi 3 zuwa 4 na farashi. Abin dubawa shi ne, kashi nawa na mene ne, kuma wa yake ƙirga kwafin da aka sayar. Shawarata ki sa shi a Amazon da kanki. Suna ba da kashi 70 a kan littafin waya in farashin yana tsakanin dalar Amurka 2.99 da 9.99, in ya fita daga nan kashi 35.

Malama Ta-Maraɗi: Yaya, da girmanka, masu karatunta matan aure ne da suke aiken yaro Nita da dala ɗari a hannu, ina suka ga katin banki? Kuma ba ka faɗa mata cewa Amurka tana riƙe kashi 30 na haraji a kan cinikin can ba, tun da Nijar ba ta da yarjejeniyar haraji da ita. Ni na zuba littattafaina biyar a OkadaBooks, manhajar ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, na koma neman masu karatuna ɗaya bayan ɗaya. Ƙanwata, ni ina ganin ki karɓi kuɗin Kano. Tun shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya taso, ƴan kasuwa ne suke da hanyar kai littafi Sakkwato da Katsina da Maraɗi, marubucin da ya buga da kansa ma su yake bai wa bashi, ya yi ta sintiri yana karɓar kuɗinsa kaɗan-kaɗan.

Ƴar Ader, Tahoua: Na gode ƙwarai. Amma Yaya Baban Nana, mutumin Yamai ba macuci ba ne, abokin wan mijina ne, kuma ya nuna mini littattafan makaranta da ya buga, aikinsa da tsabta. Na Kano kuma ya riga ya turo mini naira 50,000 tun watan jiya, na biya kuɗin makarantar yara da ita. Ban sa hannu a komai ba, magana ce kawai ta waya.

Baban Nana, Yamai: To ai da wannan ya kamata ki fara! Kin ci kuɗin mutum, kina tambayar ko ki sayar masa. Kin tura masa rubutun?

Maman Khalil, Ƙonni: In ta tura, to ta yi sallama da shi. Ni naira ma nake tsoro, domin tun da aka sake ta ga kasuwa a 2023, abin da za ka canza a Illela da safe ba shi ne na yamma ba. Wata ƙawata ta jira cikon kuɗinta wata takwas lokacin da aka rufe iyaka, da ya zo bai sayi buhun shinkafa ba.

Baban Nana, Yamai: Ki rubuta masa yau, ki ce kin sayar masa da izinin bugu ɗaya ne na takarda, kwafi kaza, shekara biyu. Haƙƙin sa shi a waya da karanta shi a rediyo da mayar da shi fim duk naki ne. Labaran Kano da dama sun koma fim, kuma wanda ya sayar gaba ɗaya ba shi da bakin magana ranar da hakan ta faru. In ya ƙi, ki nemo naira 50,000 ki mayar masa.

Malama Ta-Maraɗi: Ɗan kasuwar Kano ba zai karanta wannan doguwar takarda ba, zai ce ta riƙe littafinta, akwai marubuta ɗari a layi.

Ƴar Ader, Tahoua: Babi goma na farko kawai na tura masa, saura ashirin da biyu suna hannuna. Ba zan iya rubuta masa irin wannan takarda ba, domin dattijo ne, ya haife ni, kuma ya taimake ni lokacin da babu wanda ya kula. Mayar da kuɗin kuma sai albashi ya fito. Na Yamai ya ce zai rage abin da zan kawo in na amsa kafin ƙarshen wata. Abin da na tambaya tun farko shi ne nawa kowace take samu a littafi ɗaya, har yanzu babu wadda ta faɗi nata. Maman Khalil, ke nawa na farkon ya kawo miki?