Wa ke raba shara a wurin aikinku?

Nas a ɗakin maza:
Salam 'yan uwa ma'aikatan lafiya, akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya nake so mu tattauna. A takarda kowa ya sani, baƙar leda ta sharar yau da kullum ce, rawaya ta duk abin da ya taɓa jini ko ruwan jiki, allura da reza kuma kwalinsu daban. Amma in dutin dare ya yi zafi sai ki buɗe rawaya ki ga robar ruwa da kwalin magani, ki leƙa baƙa ki ga auduga jina-jina. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da wani haɗari, 15 ne abin tsoro, to amma da an cakuɗa ai duka ta zama abin tsoro. Ku ya kuke yi?

Mai kwashe shara:
Sista Allah ya saka da kika tado maganar nan, don mu ne abin ke ƙarewa a kanmu. Ni allura ta taɓa soke ni ta cikin baƙar leda, na ɗaga kenan zan ɗora a amalanke na ji caf a tafin hannu, ta huda safar ta shiga, kuma ba wanda ya san jikin wa ta fito balle a gwada shi. Na wanke da ruwa da sabulu, aka ɗibi jinina aka sa ni kan maganin kariya daga HIV, wai dole a fara kafin awa 72 kuma na kwana 28 ne ba fashi. Tashin zuciyar maganin ma da sauƙi kan zaman jiran sakamako, ko iyalina ban iya faɗa wa ba sai da ya fito lafiya. Wanda ya jefa ta kuwa har yau bai ma san an yi ba.

Likita:
Sannu Baba, Allah ya kiyaye gaba. Abin da mutane ba sa lura, kowa HIV yake tsoro alhali in allurar mai cutar ta soki mutum haɗarin kamuwa kusan kashi 0.3 ne cikin 100, ciwon hanta nau'in C kusan 1.8, amma nau'in B yana kai 30. Kuma shi B ɗin yana da rigakafi, sai dai a wurare da yawa likitoci da nas ake yi wa a manta da masu shara da masu wanki.

Ungozoma:
Mu abin da ya gyara mana ba wani taron bita ba ne, matso da kwalin zuba allurai aka yi. Da yana can bakin ƙofa, kina tsakiyar karɓar haihuwa hannunki duk jini wa zai taka har can, sai a ajiye a tire a ce anjima, anjiman nan ce matsalar. Yanzu yana jikin kowane gado, kin gama kin jefa, ba mayar da murfin allura. In ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe, banda dannawa da hannu wai don ya ƙara ci.

Mai kula da famasi:
Ku kuna maganar allura, ni nawa ciwon kan magungunan da wa'adinsu ya ƙare ne. Nasu mazubin mai launin ruwan ƙasa ne amma sau nawa kuka taɓa ganinsa? Na ga mai juye ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta a sink, gobe a dawo ana kukan magani ya daina ci. In ba a samu mayar wa kamfani ba, mu durom muke zubawa, ya kusa cika a bi da kwaɓin siminti a liƙe a binne. Magungunan cutar kansa kam ba a wasa da su, wannan sai komawa inda suka fito ko wuta mai tsananin zafi.

Mai injin ƙona shara:
Dan Allah ku daina sako gwangwanin inhela na masu asma a rawaya, fashewa yake a wuta kamar an harba bindiga, ranar farko da na ji sai da na bar wajen a guje. Sannan injin yana son zafi ya kai digiri 850 zuwa sama, in kun cika min leda da jiƙaƙƙen kaya da robobin ƙarin ruwa zafin faɗuwa yake, hayaƙi ya yi baƙi ƙirin, kuma robar PVC in ta ƙone a ƙaramin zafi wata guba mai suna dayoksin take fitarwa, mu da maƙwabta mu shaƙa. Ga shi a lokacin zafi bai kamata shara mai cuta ta wuce awa 24 a ajiye ba, in leda ta yi yawa ba gaira ba dalili ina zan kai ta?

Nas a ɗakin maza:
Anti ungozoma zan kai shawarar kwalin nan wajen shugabarmu gobe in sha Allah. Baba, shin an yi maka rigakafin hantar daga baya kuwa?

Mai kwashe shara:
An yi min ni kaɗai saboda abin da ya faru, sauran abokan aikina har yanzu ana cewa za a duba.