Wane bincike zan karanta kan haraji da tallafin kuɗi kafin taron ƙungiyarmu?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ƙungiyar 'yan kasuwar unguwarmu ta ɗora mini nauyin yi wa mambobi bayani kan sababbin dokokin haraji da shugaban ƙasa ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, kuma ba na son in tsaya gaban dattawa da abin da na tsinta a Facebook. Ina neman shawararku kan binciken masana da ya nuna a kan wa nauyin haraji yake sauka a ƙasar nan, da kuma ko kuɗin tallafin da ake turawa gidajen talakawa yana da wani tasiri da aka auna.

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da rahoton da Bankin Duniya yake fitarwa kan tattalin arzikin Najeriya sau biyu a shekara, domin a nan za ka ga yadda kuɗin shiga da kashewa suka sauya tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Bayan shi ka nemi ayyukan cibiyar ICTD da ke Jami'ar Sussex a Ingila, wadda aikinta ke nan, binciken haraji a ƙasashe irin namu. Akwai wani nazarinsu kan mata 'yan kasuwa a jihohin Kaduna da Inugu da zai yi wa taronku daidai. Ya nuna cewa idan aka yanka wa kowa kuɗi iri ɗaya ba tare da duba cinikinsa ba, mai ƙaramin jari ne yake shan wuya, kuma mata sun fi fuskantar tsangwama daga maza masu karɓar haraji.

Bashir Lauya: Kafin komai, Malam, ka karanta dokar kanta. Wanda kuɗin shigarsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba an ɗauke masa harajin kuɗin shiga, harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan sayen kaya da hidima, kuma yana nan a kashi 7.5 cikin 100 kamar yadda yake tun 2020.

Alhaji Garba: Ku gafarce ni in tsawaita, domin wannan magana ta taɓa inda yake mini ciwo. Hatsi nake saya a kasuwannin ƙauye ina kaiwa kudu, kuma duk rahoton da na ji an karanto cewa 'yan Najeriya ba sa biyan haraji, sai in ji zuciyata ta ɓaci. A wata tafiya da na bi motar kayana da kaina, tun ba a gama lodi ba aka karɓi kuɗin kasuwa a kan kowane buhu, aka karɓi na ƙaramar hukuma, aka karɓi na ƙungiyar masu lodi. Da muka hau hanya kuwa, shinge bayan shinge. A wani wuri wani saurayi ya ɗora katako mai ƙusoshi a gaban tayarmu, ya miƙo mini takarda mai tambarin gwamnati wadda babu lamba a jikinta, babu kwanan wata, ya ce sitikar da ke gilashinmu ta bara ce alhali a watan nan aka manna ta. Na nuna masa rasit, ya ce wannan na jihar da muka baro ne. Direbana ya ce mini, Alhaji ka biya mu wuce, kwana a nan ya fi kuɗin tsada. Na biya.

Da na dawo na ɗauki takardun nan gaba ɗaya na kai wani ofishi domin in ji waɗanne ne na halal, jami'in da na samu ya ware kaɗan ya ce waɗannan ya sani, sauran bai taɓa ganin irinsu ba. Ke nan mafi yawan abin da na biya bai shiga baitulmali ba, ba kuma zai bayyana a lissafin kowane masani ba. Amma ya shiga farashin masara, matar da ta auni mudu ɗaya a can ita ta biya shi a ƙarshe. Saboda haka shawarata, Malam Sani, duk binciken da aka kawo maka ka fara duba ko masu shi sun je kasuwa da tasha sun tambayi mutane abin da ke fita daga aljihunsu, ko kuwa alƙaluman hukuma kawai suka tattara suna zaune a ofis. Na biyun ba zai gaya wa mambobinka komai game da rayuwarsu ba.

Dakta Hauwa: Alhaji, abin da ka bayyana masana sun daɗe suna nazarinsa a matsayin harajin da ba ya cikin doka, kuma an yi aiki mai kyau a kansa a Saliyo, inda aka gano cewa gidajen talakawa suna ba da kaso mafi girma na samunsu ta wannan hanya fiye da masu hali. Sai dai alƙaluman hukuma ma suna da amfaninsu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce harajin da aka tara a 2021 ya kai kashi 10.86 cikin 100 na abin da ƙasa ta samar a shekarar, wanda ƙasa yake da na yawancin ƙasashen Afirka. Maganganun biyu ba su ci karo ba: talaka yana biya da yawa, gwamnati tana karɓar kaɗan, bambancin yana zurarewa a tsakani.

Kabiru Dutse: Kan tambaya ta biyu, a nan Jigawa aka yi gwajin da ya fi kowanne inganci da na sani. Daga wajajen 2014 ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, suka riƙa ba mata masu juna biyu naira 3,500 a wata har yaron ya cika shekara biyu, a Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma, da kuma Anka da Tsafe a Zamfara, tare da wa'azi kan shayarwa da abincin yara. Ta hanyar ƙuri'ar sa'a aka zaɓi ƙauyukan da za su fara samu, shi ya sa kwatanta su da sauran ƙauyukan ya zama abin dogaro. An buga sakamakon a 2021, ya nuna tsumburewar yara ta ragu da kusan kashi 8 cikin 100, kuma mata da dama sun juya wani ɓangare na kuɗin zuwa sana'a da kiwo.

Malama Zainabu: Wannan na Kabiru shi ne ya kamata a karanta wa duk mai cewa idan aka ba mace kuɗi a hannu biki za ta kai su.

Isufu Maraɗi: Mu ma a nan Nijar muna da namu. Shirin tallafin gwamnati ya riƙa ba gidaje jaka goma ta sefa, wato sefa 10,000, a wata na tsawon shekara biyu, kuma wani bincike da ya fito a mujallar Nature a 2022 ya gwada abin da zai faru idan aka haɗa kuɗin da asusun adashi, da koyar da sana'a, da tattaunawar gari kan burin mata da matsayinsu. Cinikin matan ya ƙaru, cimar gida ta inganta, kuma ɓangaren tattaunawar, duk da arharsa, ya biya kuɗinsa sosai. Ina ganin darasin zai yi aiki a Katsina kamar yadda ya yi a nan, tunda mutanen ɗaya ne.

Alhaji Garba: Waɗannan shirye-shirye ne da aka sa wa ido. Naira 25,000 sau uku da aka ce za a ba gidaje miliyan 15 bayan cire tallafin mai, nawa ne daga cikinku ya san gidan da ya karɓi ukun cif?

Kabiru Dutse: Alhaji, tambayarka daidai take, amma tambaya ce kan rajista da hanyar biya. Binciken da na kawo ya amsa abin da kuɗin ke yi idan sun isa hannun mai su. Kada Malam Sani ya cakuɗa biyun a gaban jama'a.

Nura Zariya: Ni abin da ya fi damuna rabon VAT ne. Gwamnonin Arewa sun yi gaskiya da suka ƙi amincewa a taronsu na Kaduna a Oktoban 2024, lokacin da aka so a raba kashi 60 cikin 100 bisa inda kuɗin ya fito. Da an bar shi haka da Legas ta kwashe.

Bashir Lauya: Malam Nura, ka duba abin da aka ƙare a kai. Kason jihohi ya tashi daga kashi 50 zuwa 55, na tarayya ya sauka daga 15 zuwa 10, kuma a tsakanin jihohi rabi za a raba daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya. Tsohon tsarin ne ya fi fifita Legas, domin yana lasafta kuɗin ga jihar da hedikwatar kamfani take, ko da a Gusau aka sayi katin wayar.

Nura Zariya: To wa zai ƙidaya inda aka yi amfani da kayan, Barista, a yankin da yawancin ciniki ba ya da rasit? Nan ne za a cuce mu.

Malama Zainabu: Ina roƙon ku biyun ku duba rahoton da ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafin kuɗi take fitarwa kowace shekara kan jihohi 36. Zai nuna muku abin da kowace jiha take tarawa da kanta, da abin da take jira daga Abuja, da abin da take kashewa a lafiya da ilimi. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. Kuɗin da jihohi ke samu daga Abuja ya ƙaru ƙwarai tun 2023, kuma a ganina tambayar inda ƙarin ya tafi ta fi gardamar kashi 20 ko 30 muhimmanci ga matar da take sayen safar hannu da kanta kafin a karɓi haihuwarta.

Baba Lawan: 'Ya'yana, mu da muka ga zamanin harajin kai da jangali mun san abin da ya sa jama'a suka yi murna da gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke su a 1979. Mutum yana sayar da akuyarsa ya biya, bai ga rijiya ba, bai ga magani ba. Duk wanda zai yi wa 'yan kasuwa maganar haraji ya san da wannan tarihi a zukatansu.

Nura Zariya: Allah ya ƙara girma, Baba. Amma har yanzu Barista bai amsa mini ba.

Bashir Lauya: Dokar ta wajabta wa kamfanoni su riƙa bayyana wa hukumar haraji jihar da suka sayar da kayansu. Ko za su yi hakan da gaskiya, wannan sai an ga alƙaluman rabon na shekara guda an kwatanta da na baya.

Malam Sani: Na gode muku ƙwarai. Alhaji Garba, idan takardun nan suna hannunka, ina neman izini ka ɗauko mini hotonsu in nuna a taron, a rufe lambar motar da sunanka. Dakta, ki taimaka ki turo mini nazarin kasuwannin Kaduna, domin kusan rabin mambobinmu mata ne.