Tsayuwa kafin bugun ƙwallon golf: me kuka lura da shi?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum. 'Yan'uwa, mu tattauna tsayuwa. Yawancin masu koyo a Zariya sandar golf suke ɗora wa laifi, alhali matsalar tana gadon bayansu.

Na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Daga kwankwaso ake sunkuyawa, kamar farkon ruku'u, baya a miƙe, mazaunai a tura baya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Hannuwa su sauko da kansu ƙarƙashin kafaɗu, a bar tazarar dunƙulen hannu tsakanin gindin sanda da cinya. Wanda ya yi doro, ƙirjinsa ba zai juyu ba. Lokacin ɗaga sanda baya, ana son kafaɗu su juya kusan digiri 90, ƙugu kusan 45. Idan suka kasa, hannuwa kaɗai ke bugun, ƙwallo ta tafi ba ƙarfi, tana karkacewa dama ga mai bugu da dama.

Hajiyar Kongo: Malam, a ƙara da cewa banƙare baya shi ma cuta ne, ciwon ƙugu yake kawowa. Ka ɗora sanda a bayanka, ta taɓa ƙeya, tsakiyar kafaɗu da ƙarshen ƙashin baya, sannan ka sunkuya.

Na Sabon Gari: Ni dai a ganina riƙe sunkuyon ne mai wuya. Mutum ya tsaya daidai, sanda na saukowa sai ƙugu ya matso wajen ƙwallo, jiki ya miƙe. Nan ake shafar kan ƙwallo ta yi ta birgima, ko wuyan sanda ya buge ta. Da rani abin ya fi muni, ƙasa ta bushe ƙamas, sanda tsalle take yi. Maganinsa bango: ka jingina mazaunai, ka juya ba sanda, kada su rabu da bangon har bayan wurin bugu. Sau 20 kullum ya isa.

Ɗan Samaru: Ranka ya daɗe, to batun "kada ka ɗaga kai" fa?

Na Sabon Gari: Wannan shawarar ta ɓata mutane da yawa. Idan ka cusa haɓa a ƙirji, kafaɗar hagu ba ta da hanyar wucewa. Ɗaga haɓa, ido ne kawai zai sauka kan ƙwallo.

Hajiyar Kongo: Nauyi kuma a tsakiyar tafin ƙafa, ba a diddige ba. Direba (sandar bugun nesa) ya fi ayan (sandar matsakaicin bugu) tsawo, don haka ƙafafu su fi buɗewa, sunkuyo ya ragu, ƙwallo ta koma daidai diddigen hagu ga mai bugu da dama.