Shawarwari kan adon harshe

A hirar da wasu matasan marubuta suka yi, an fi daɗewa kan kamance da siffantawa. "Audu kamar zaki" kamance ne, saboda akwai "kamar". In ka ce "Audu zaki ne", ka siffanta. Yawancinsu sun ce a daina jibga su a kowane layi, musamman a littattafan soyayya, inda kowace budurwa idonta fari kamar madara. Da gaskiyarsu.

Kambamawa kuwa, wato zuzuta abu fiye da yadda yake, ta fi dacewa da kirari da waƙar fada. Mutuntarwa, wato ba abin da ba mutum ba halin mutum, irin "yunwa ta kwana gidanmu", ba a yi musu kanta ba. Wata malama ta ja kunne kan habaici: in ba a gane wanda ake nufi ba, ya tashi banza.