Neman shawara: madubin hangen nesa mai sauƙin kuɗi na duba taget a mita 300

Baban Khalifa, Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kayan hangen nesa. Ina cikin tawagar harbi ta wurin aikinmu, muna shirin gasa. Atisayenmu daga mita 100 ne zuwa 300, a filin hukuma kuma da bindigar hukuma, tun kafin wani ya tambaya. Damuwar ita ce da an ɗan yi harbi sai a tsayar da kowa, a sauke makamai, mu taka har wurin taget mu duba inda harsashi ya faɗa. A mita 300, zuwa da dawowa mita 600 ke nan cikin ranar Bauchi. Kafin ka dawo ka kwanta numfashi ya hau, hannu ya ƙi tsayuwa.

Ina son sayen madubin nan mai ido ɗaya da ake ɗorawa a kan ƙafa uku, in riƙa ganin hujin daga inda nake. Naira dubu 300 na ware, kuma ba zan iya ƙara ko sisi ba, ga kuɗin makarantar yara na tafe. Na ga wani an rubuta masa 25-75x70, wani 20-60x80, akwai ma wanda aka ce yana jawowa sau 100, kuma shi ya fi araha. Gaskiya hankalina ya fi kwanciya da na sau 100 ɗin. Me kuka gani?

Malamin Fiziks:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, cire hankalinka daga na sau 100 ɗin nan tukuna, bari in warware maka lambobin. In ka ga 20-60x80, na farkon yana nufin yana jawowa daga sau 20 zuwa sau 60. Tamanin ɗin kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 80, ta nan haske ke shiga. To ka raba faɗin gilashin da yawan jawowar, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da zai isa idonka. Mai 80 a sau 20 zai ba ka milimita 4. A sau 60 ya koma 1.3. Mai gilashi 70 a sau 75 bai ma kai milimita 1 ba. Ƙwayar idon mutum da rana tana buɗewa wajen milimita 2 zuwa 3, don haka da hasken ya yi ƙasa da haka sosai hoto zai dushe, kuma in kanka ya ɗan gusa sai ka ga baƙi kawai. Yanzu lissafa na sau 100 da ƙaramin gilashi da kanka.

Kuma ba ka buƙatarsa. A sau 40, taget ɗin mita 300 zai zo maka daidai da abin da ke mita bakwai da rabi. Hujin harsashi mai faɗin milimita 7.62 daga mita bakwai da rabi, a farar takarda, mai lafiyar ido zai gan shi. Abin nema shi ne hoton ya fito tas. Jawo hoton da ya riga ya dagule ba ya ƙara komai sai girman dagulewar.

Tsohon Sajan:
Yaro, lissafin Malam daidai ne, amma a kan allo. Ni a ƙasa na kwanta. Abin da zai hana ka ganin huji a mita 300 a garin nan iska ce. Daga ƙarfe goma na safe a watan Maris ko Afrilu, ƙasa ta ɗau zafi, kawalwalniya ta tashi, in ka leƙa za ka ga taget na rawa kamar kwabo a gindin bokitin ruwan da ake girgizawa. Kana ƙara jawowa kana ƙara jawo rawar. Ko madubin Jamus ka kawo, a irin wannan lokaci dole ka sauko sau 25 ko 30. Da hunturu kuma hazo ne zai shafe maka komai ya yi fari-fari.

Don haka in faɗa maka tsakani da Allah. A mita 100, kusan kowane madubi mai ɗan mutunci zai nuna maka huji. A mita 200, mai kyau zai nuna. A mita 300, a kan baƙin tsakiyar taget, da ƙaramin harsashi na milimita 5.56, da kuɗin da ka ambata, wata rana ka gani wata rana ba ka gani ba. Duk mai sayarwar da ya rantse maka kullum za ka gani, ciniki yake nema.

Abin da aka saba yi a filayen harbi masu nisa shi ne a sa mutane a ramin kariya ƙarƙashin taget. An yi harbi, su sauke taget, su soka faifai a hujin, fari in a baƙi ya faɗa, baƙi in a fari, su ɗaga. Wannan faifan ko a mita 600 ƙaramin madubi zai nuna maka shi. In filinku na da ramin, ka yi wa mai kula da fili magana.

Amma kar ka ɗauki kawalwalniyar nan abokiyar gaba kawai. Ka saita madubin a kan taget, sai ka ɗan murɗo fokas baya ya tsaya a tsakiyar hanya. Za ka ga igiyoyin zafi. In suna tafasa sama sak, babu iska, ko kuma tana zuwa ne ta gabanka ko ta bayanka. In sun karkata dama, dama iska ke turawa. In sun kwanta suna gudu, ta yi ƙarfi, ka jira ko ka gyara saiti. Tuta tana faɗa maka iskar inda aka kafa ta ne, wannan kuwa iskar hanyar da harsashi zai bi kake kallo. Wanda ya iya karanta ta ya ci kuɗin madubinsa ko bai ga huji ko ɗaya ba.

Baban Khalifa, Yelwa:
Ranka ya daɗe Baba Sajan, jikina ya ɗan yi sanyi, amma na gode. Filinmu babu ramin. Ke nan a mita 300 tafiyar ba ta ƙare ba?

Tsohon Sajan:
Ta ragu dai. Gyara taget ɗin ya fi gyara madubi araha. A ranar atisaye ka yi amfani da farin kwali, ka manna ɗan baƙi ƙarami a tsakiya na saiti. Huji a fari yana fitowa. Akwai kuma taget na kanti irin Shoot-N-C, wanda in harsashi ya huda baƙin sai ya ɓare ya bar zobe mai ruwan ɗorawa kewaye da hujin, ana hango shi daga nesa. Ku kuma fara mita 300 da sassafe, ku bar mita 100 sai rana ta ɗaga. Abu ɗaya: kar wani ya ce a je wurin mai walda a yanko faranti a shafa masa farin fenti. Ƙarfen taget daban ne, mai tauri na musamman. Na gini yana lotsawa ya dawo da ɓaraguzan harsashi kan mutane.

Mai Hoto, Wunti:
Oga, duk an yi maganar madubi, ba wanda ya taɓo ƙafa. Ƴar guntuwar ƙafar da ake sakowa kyauta a kwali, ka ba yara su yi wasa. A sau 40 ko numfashi ka yi kusa da ita hoto zai yi tsalle, balle iskar fili. Cikin dubu 300 ɗinka ka cire kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙafa. Ba sai sabuwa ba, masu ɗaukar bidiyon biki suna sayar da tsofaffin nasu, masu nauyi, masu hannun juyawa. Kusar da ke ɗaure madubi da ta kyamara iri ɗaya ce, mai kwata inci, za ta hau. In ka je saye ka buɗe ƙafafun duka, ka danna da hannu ka murɗa, in ta yi lanƙwasa ko ƙara, bar ta. A fili kuma kar ka zaro sandar tsakiya sama, sannan ka rataya jakarka ko galan ɗin ruwa a ƙasanta, nauyin na kashe girgiza.

Auwalun Gombe:
Hamma, ni duk wannan wahalar ta me ce? Ka ɗauki tsohuwar waya ka jingina ta kusa da taget, ka kira ta da bidiyo a WhatsApp, kana kwance kana kallon hujinka. Dubu 300 ta zauna a aljihu.

Tsohon Sajan:
Ranar da sabon ɗan harbi ya kauce, wa zai biya wayar? Kuma ba a ajiye komai gaban layin wuta sai da izinin mai kula da fili.

Auwalun Gombe:
Baba ai a bayan buhun yashi za a ɓoye ta. To na ji, na janye.

Ɗan Yankari:
Ni ba maharbi ba ne, baƙi nake kaiwa kallon tsuntsaye da giwaye, amma madubin ɗaya ne, kuma na leƙa iri-iri a hannun Turawa masu zuwa. Swarovski na Ostiriya, Kowa na Japan, Zeiss da Leica na Jamus, in ka leƙa sai ka ji haushin naka, to amma waɗannan dubban daloli ne, a rufe babinsu. Na masu ƙaramin ƙarfi akwai Svbony, akwai Celestron Ultima 80, sama da su kaɗan akwai Vortex Diamondback. Farashinsu na bin dala, sai ka duba a ranar da za ka saya.

Inda zan ɗan saɓa wa Malam: kar a maƙale wa 80. In aka ajiye min mai gilashi 65 da aka rubuta masa ED, da mai 80 na gama-gari, a kuɗi ɗaya, na ED zan ɗauka. Gilashin ED yana rage wani kalar shunayya da ke fitowa a gefen abu, inda baƙi ya haɗu da fari. To huji a takarda ai baƙi ne a kan fari, daidai inda kalar ke ɓata hoto. Kai kuma da rana tsaka kake aiki, haske ya ishe ka.

Ka ɗauki mai lanƙwasasshen wuya, wanda ake leƙawa ta sama, musamman mai zoben da ke barin jikin ya juya. Kana kwance sai ka karkato wurin idon gefenka, ba sai ka tashi ka ɓata kwanciyarka ba. Kuma tunda da tabarau na kariya kuke harbi, ka duba tazarar ido da aka rubuta, kar ta gaza milimita 15, in ba haka ba sai ka cire tabarau kafin ka ga hoton duka. Ka tabbatar an ce ruwa ba ya shiga kuma an cika shi da iskar naitirojin, don wanda ruwa ba ya shiga ƙura ma ba ta shiga. Maganar ƙura kuwa, don Allah kar ka goge gilashi da bakin riga. Ƙurar hunturu yashi ce, tana kankare shafen da ke kan gilashin. Ka hure da ɗan famfon roba na masu kyamara tukuna, sannan ƙyalle mai laushi. Da damina ka jefa ƙunshin nan na cikin kwalin sabon takalmi a jakarsa saboda fumfuna.

Malamin Fiziks:
Na yarda da maganar ED da rana. Ƙari ɗaya: in madubin na hannunka, ka nisanta shi da ido kamar kamu biyu, ka fuskanci haske, ka kalli ɗigon hasken da ke wurin sa ido. In zagayayye ne tas, madalla. In gefunansa sun yi duhu sun ba da kusurwa huɗu, gilashin cikin mai araha ne. Sannan ka saita shi a kan wayar lantarki da sararin sama a bayanta, nan take za ka ga ko yana fitar da kalar da Ɗan Yankari ya faɗa.

Maman Hanifa:
Baban Khalifa, ni ta ɓangaren oda zan yi magana tunda sana'ata ce. Wanda ba shi da sunan kamfani, sai manyan lambobi da hoton wata a jikin kwali, araha ba ta ado. In daga waje za ka yi oda, ka lissafa kuɗin kawowa da na kwastan cikin dubu 300 ɗin tun yanzu, kuma ka sani garantin da suke alfahari da shi sai ka mayar da kayan can da kuɗinka. Ka tambayi mai fito da kaya kafin ka biya, don kayan tsaro irin su na'urar ganin dare da jirgi maras matuƙi sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kar ka zaɓi wanda aka haɗa masa ganin dare, kuma kar mai sayarwa ya rubuta shi a matsayin madubin bindiga. In a Legas ko Kano ka samu, ka nemi na biya bayan kaya sun iso. Rasit kuma ya zauna a cikin jakar. Doguwar aba cikin koriyar jaka a shingen hanya, kai mai katin aiki ne, amma ranar da ka aiki ƙaninka da ita fa?

Auwalun Gombe:
In an saya dai a ara mana daren duban watan azumi.

Malamin Fiziks:
Auwalu, da wasa ka faɗa amma bari in ja kunne: sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Leƙa rana da irin wannan madubi, ko na ƙiftawa ne, yana ƙona ido, kuma ba ya gyaruwa. A kula da yara ma.

Baban Khalifa, Yelwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bar maganar sau 100. Yanzu tsakanin 65 mai ED da 80 na gama-gari nake, zan kuma nemi ƙafa wurin Mai Hoto. Sai dai ina son in leƙa da idona kafin in saki kuɗi. Akwai mai ɗaya a cikin gari?

Ɗan Yankari:
Nawa 80 ne na gama-gari, wani abokin aikina kuma na da 65 mai ED, zan karɓo. Ranar Asabar ina Bauchi. Ka samo kwali biyu, fari da baƙi, ka huda su da biro, girman hujin ya yi kusa da na harsashinku. Mu sami fili a bayan gari ta hanyar Dass mu auna mita 300, mu duba ƙarfe bakwai, mu sake dubawa sha ɗaya. Mai Hoto ya zo da ƙafar da yake son sayar maka a gwada ta a wurin. Man mota da karin kumallo naka ne.