Abin da aka ce kan yin katun ɗin fargabar malamai

Toh ga taƙaitawar shawarwarin da aka ba ɗaliban da ke son haɗa fim ɗin katun kan fargabar da malami ke ji kafin ya shiga aji. Kusan kowa ya ce a rage buri, minti 2 ko 3 ya isa, don in ana zane 12 a kowane sakan, minti ɗaya kawai zane 720 ne fa, ga karatu ga jarabawa.

Wasu sun ce a fara zama da malamai a ji daga bakinsu, musamman 'yan koyon koyarwa, amma kar a saka sunan kowa, kuma don Allah kar a mai da malamin abin dariya. Inda na fi gamsuwa shi ne batun kar ya fito ya ce "ina jin tsoro", a nuna alli na rawa a hannunsa, bugun zuciya na danne surutun yara, ƙofar ajin tana ta nisa yana tafiya bai kai ba.

A ɗauki murya tukuna kafin zane. Krita da Blender, manhajojin zane da haɗa katun a kwamfuta, kyauta ne, mai waya kuma ya gwada FlipaClip, sai dai a riƙa ajiye kwafi saboda wuta.