Gari na zuba daga jikin gadona, wadirob kuma ta ƙi rufuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Pantami a Gombe. Kayan ɗakina shekararsu biyu kacal, amma kullum na yi shara sai in tarar da gari mai laushi kamar fulawa a ƙarƙashin gado, ga ƙananan huji a jikin katakon. Ita kuma wadirob, tun shigowar damina ƙofarta ta ƙi haɗuwa, gindinta ya kumbura. Gara ce? Ya zan yi?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba gara ba ce. Gara da jar ƙasa take gina hanya a jikin bango ko katako. Wannan ƙwaron katako ne, tsutsarsa na ci daga ciki, garin da kike gani shi take turowa. Ya fi son farin katako mai taushi irin obece, da shi ake yawan yin sandunan da katifa ke hawa, ko da fuskar gadon maɗaci ce.

A kwance gadon, a fitar da shi inuwa. Ki sayi Solignum (maganin ƙwarin katako) lita 1 da sirinji, a ɗura a kowane huji har ya tumbatsa, sannan a shafe duk inda ba fenti da buroshi, sau 2, kwana ɗaya tsakani. Mai aikin ya rufe hanci, ya sa safar hannu, a nisanta yara da wuta. A bar shi kwana 3 warin ya fita. Sandar da kika danna da yatsa ta lotsa kuwa, kar a wahala da ita, kafinta ya samo sabuwa a Kasuwar Katako.

Amsa ta 2:
Ƙari a kan bayanin Malam: kar ki yi saurin toshe hujin. Shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashin gadon mako 2. In sabon gari ya zubo, a sake ɗurawa. In shiru, a kwaɓa garin katako da farin gam a cike, a goge da sanfefa lamba 220, a yi banish. Wasu za su ce ki shafa baƙin mai da kananzir. Wannan na katakon rufi ne, a ɗaki katifa da zanin gado zai ɓata miki.

Amsa ta 3:
'Yar uwa, wadirob ɗinki da alama MDF ce, garin katako ne da aka matse da gam. In ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, sai dai a canza allon ƙasan. Ruwan mofa ne ke jawo haka da sanyin bango. A sa mata ƙafafun roba, a janye ta daga bango kamar santimita 10. Ƙofar kuma kar a fere ta yanzu, hunturu na zuwa katako zai tsuke ya bar giɓi. A daidaita ta daga sukurun hinjis kawai.